Idan Ƙwayar Zarra Fanko Ce, Me Ya Hana Hannu Ratsa Bango?

Tambaya: Malam, an koya mana cewa kowane abu an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, wato atam, kuma mafi yawan cikin kowace ƙwaya sarari ne kawai. To, me ya hana hannuna ratsa bango, tunda hannun da bangon duk fanko ne? Daga wata ɗalibar sakandare.

Amsa: Malama, abin da aka koya muku yana da tushe a gwaji. A shekarar 1909, a Jami'ar Mancesta ta Ingila, Hans Geiger da Ernest Marsden, ƙarƙashin jagorancin Ernest Rutherford, sun riƙa harba ƙwayoyin alfa, wato wasu 'yan mitsitsin ƙwayoyi masu cajin lantarki, kan wani fallen zinariya mai matuƙar siranta. Kusan dukkansu sun wuce abinsu, sai 'yan ƙalilan da suka karkace, wasu ma suka dawo da baya. Daga nan ne Rutherford ya bayyana a 1911 cewa kusan duk nauyin atam yana tattare a wata 'yar cibiya, wadda daga baya aka gane cewa wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira furoton da niyutiron ne a cikinta, wasu ƙwayoyin kuma masu cajin lantarki da ake kira ilektiron suna kewaye da ita. Da za a faɗaɗa atam ya kai girman filin ƙwallo, da cibiyar ba za ta wuce tsakuwa guda ba.

Sai dai ni ina ganin kalmar fanko tana ruɗar ɗalibai, haka ma zanen da ke nuna ilektiron suna zagaye a kan layuka, wanda ya samo asali daga tsarin Niels Bohr na 1913. Tun bayan aikin Erwin Schrödinger na 1926, masana suna kallon ilektiron a matsayin abin da ya bazu ya mamaye kewayen cibiyar, ba ɗigon da ke tsaye a wuri ɗaya ba.

Idan kika danna bango, ilektiron na fatarki ne ke kusantar na bangon, kuma da yake cajinsu iri ɗaya ne, suna ture juna. Akwai kuma ƙa'idar da Wolfgang Pauli ya fitar a 1925, wadda ta ce ilektiron biyu ba sa zama a hali guda a lokaci guda; saboda haka kafin a cusa atam cikin wani atam dole a tilasta wa ilektiron hawa matakan makamashi na sama, abin da ƙarfin hannu ba zai iya ba. Wannan turjiyar ce kike ji a matsayin tauri.

Amma niyutiron, wanda James Chadwick ya gano a 1932, ba shi da caji ko kaɗan, don haka yakan kutsa cikin abu mai tauri har sai ya ci karo da wata cibiya, shi ya sa ake kewaye tukunyar tashar nukiliya da ruwa da kankare mai kauri domin su tare shi.