Me ya sa kowa ya fi ƙoƙari a zagaye na biyu?

'Yar'uwa, kin ce kin gwada mutum 30 kan tuna kalmomi, da farko cikin hayaniya, daga baya cikin shiru, kuma kusan kowa ya fi ƙoƙari a karo na biyu. Kina tambaya ko shirun ne ya taimaka. Wataƙila shi ne, amma yadda kika tsara gwajin bai isa ya tabbatar da hakan ba.

Ni ma na taɓa faɗawa wannan ramin ina ɗaliba. A zagayen farko mutum yana laluben madannin kwamfuta, yana sake karanta umarni, gabansa na faɗuwa. Kafin a kai na biyu hannunsa ya faɗa, har ya ƙirƙiri dabarar haɗa kalmomin su zama ɗan labari. Wannan sabo ne. Ko masanin halayyar ɗan Adam Stroop, a bincikensa na 1935 kan ambaton launin tawadar da aka rubuta kalma da ita, ya ga cewa kwanakin atisaye sun rage wa mutanensa wahalar aikin.

Gajiya kuwa baya take jan sakamako. Ina tuna wani saurayi da ya fara da zafinsa, bayan minti 40 sai ga shi ya tallafe haɓa yana danna madanni ɗaya ba tare da ya duba allo sosai ba. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Mackworth, ya nuna haka a 1948 da agogon da hannunsa ke yin tsalle biyu lokaci-lokaci: masu sa ido na awa 2 sun fara kuskuren gano tsallen sosai bayan rabin awar farko. Don Allah kada ki ɗauka sabo da gajiya za su kashe juna, ba lallai ƙarfinsu ya zo ɗaya ba.

Ki raba mutanenki biyu ta hanyar ƙuri'a: 15 su fara da hayaniya, 15 su fara da shiru, kuma ki tanadi jerin kalmomi biyu masu wahala iri ɗaya, ki riƙa musanya su. Da yanayi 3 ne maimakon biyun nan (hayaniya da shiru), hanyoyin jera su 6 za ki buƙata, 4 kuwa 24, to saboda yawansu ake komawa ga tsarin da ake kira murabba'in Latin, inda kowane yanayi ke zuwa sau ɗaya a kowane matsayi.

Ki ba su ɗan atisaye da ba za ki lissafa ba, da hutu a tsakani. Sannan ki rubuta wanda ya fara da me, don ki duba tasirin yadda aka jera yanayin a lokacin nazari.