Na kai labarin Siffin a Tarihin Ɗabari, sai na rufe littafin

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗaliba ce mai son karatun tarihi. Na gama sira na shiga zamanin halifofi a littafin Imam Ɗabari. Da na kai yaƙin Siffin da labarin masu sulhu biyu, inda aka ce Amru ɗan Asi ya yaudari Abu Musa, sai na rufe littafin, kuma har yau zuciyata ba ta kwanta ba. In daina karanta tarihi ne don in tsira da imanina, ko kuwa duk abin da ke ciki gaskiya ne tun da babban malami ya rubuta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah ya ƙara miki son ilimi. Wannan damuwar da kika ji alama ce ta ƙaunar sahabbai, Allah ya yarda da su. Amma kada ki bar littafin a rufe, kada kuma ki haɗiye duk abin da ke cikinsa.

Ina kyautata zaton akwai abin da idonki yake tsallakewa a kowane shafi, domin yawancinmu haka muke yi. Kafin kowane labari akwai layi ɗaya ko biyu na sunaye: wane ya ba ni labari, daga wane, daga wane. Mai karatu yana ɗokin ya ji abin da ya faru, sai ya haure sunayen ya faɗa cikin labarin. To, ai waɗannan sunayen su ne makullin littafin. Imam Ɗabari, wanda ya rasu a Bagadaza a shekara ta 310 bayan hijira, ya faɗa da bakinsa a gabatarwa cewa duk wanda ya ci karo da labarin da ya ƙyamata a ciki, ya sani ba daga gare shi ba ne, daga waɗanda suka kawo masa ne, shi isarwa kawai ya yi yadda aka isar masa. Shi ya sa za ki ga ya jera ruwayoyi biyu masu karo da juna a kan abu guda, ya wuce bai ce uffan ba. Tattarawa ya yi, ya bar wa masana aikin tacewa. A zamaninsa wanda ya ambaci isnadi, wato wannan jerin sunayen, ya sauke nauyi, domin masu karatunsa sun san mazajen da ke cikin jerin. Mu ne muka gaji littafin ba mu gaji sanin mazajen ba.

An yi Siffin a shekara ta 37, tsakanin Sayyidina Ali da Mu'awiya. Da yawa daga labaransa a wajen Ɗabari sun biyo ta hannun Abu Mikhnaf, Luɗu ɗan Yahaya, mutumin Kufa da ya rasu a 157. Malaman hadisi ba su aminta da shi ba, Imam Zahabi ma cewa ya yi mai ba da labarai ne lalatacce da ba a dogaro da shi. Labarin yaudarar da ya tayar miki da hankali yana cikin abin da ya biyo ta wajensa, kuma Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, malamin Malikiyya da ya rasu a 543, ya ƙaryata shi ƙarara a Al-Awasim minal Ƙawasim. Ko ba isnadi ma, ki auna labarin da hankali. An ce bayan Abu Musa, wakilin ɓangaren Ali, ya sauke Ali da Mu'awiya duka, sai Amru, wakilin Mu'awiya, ya tabbatar da Mu'awiya a kan halifanci, alhali a lokacin Mu'awiya gwamnan Sham ne mai neman a bi kadin jinin Usman, wanda aka kashe a 35. Yaya za a tabbatar da mutum a kujerar da bai hau ba?

Irin wannan awon shi ne abin da Ibn Khaldun ya yi ta jan hankali a kai a Muƙaddima. Ya kawo abin da masu tarihi irin su Mas'udi suka ce, wai mayaƙan Bani Isra'ila tare da Annabi Musa sun kai 600,000, ya tambaya yadda zuriyar mutum ɗaya za ta kai haka cikin kakanni ƙalilan, da kuma filin da zai ɗauki runduna irin wannan. Ina son wannan misalin ƙwarai, saboda yana nuna cewa tambayar "shin wannan zai yiwu?" ba rashin ladabi ba ce.

Sai dai kada a gyara ɓarna da ɓarna. Akwai masu cewa tun da wasu maruwaita raunana ne, a zubar da tarihin gaba ɗaya, ko a ce ba a yi komai ba. Wannan ma ba gaskiya ba ne. An yi yaƙin Raƙumi a 36, an yi Siffin, an zubar da jinin Musulmi, an kashe Husaini a Karbala a 61. Sahabbai mutane ne, ba ma'asumai ba, kuma malaman Sunna sun tafi a kan cewa Sayyidina Ali ne ya fi kusa da gaskiya a wancan saɓanin, ba tare da an zagi ɗaya ɓangaren ba. Malamai kuma ba su auna tarihi da hadisi da mudu ɗaya ba. Ibn Hajar ya ce Saifu ɗan Umar, ɗaya daga maruwaitan tarihi, rarrauna ne a hadisi amma abin dogaro ne a tarihi. Idan labari a kan yawan dawaki ne ko hanyar da runduna ta bi, ana sassautawa. Idan kuwa zai ɗora wa sahabi ha'inci, ko a gina aƙida ko hukunci a kansa, sai an tsananta bincike kamar yadda ake yi wa hadisi.

Akwai kuma abin da ke ba ni takaici: mutane sun haddace Siffin, amma kaɗan ne suke kaiwa shekara ta 41, lokacin da Hasan ɗan Ali ya sauka ya bar wa Mu'awiya mulki don a daina zubar da jini, aka kira ta shekarar haɗin kai. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce game da jikansa Hasan, wannan ɗan nasa shugaba ne, kuma Allah zai sulhunta manyan ƙungiyoyi biyu na Musulmi ta hanyarsa. Wanda ya tsaya a 37 ya yanke labarin a tsakiya.

Shawarata, ki riƙa karanta Ɗabari tare da Al-Bidaya wan Nihaya na Ibn Kasir, wanda ya rasu a 774, domin shi yakan tsaya ya ce wannan ruwaya baƙuwa ce ko ba ta inganta ba, kuma ki samu malami da za ki riƙa kai masa abin da ya shige miki duhu. Ki riƙe fensir a hannu. Duk labarin da kika zo, ki ja layi a ƙarƙashin sunan wanda ya kawo shi kafin ki karanta kalma ɗaya daga cikinsa. Ki fara da shafin da kika rufe littafin a kansa.