Bindigar da na saya da magariba

Ka tambaye ni wace bindiga mai sakata, irin wadda ake jan ƙarfenta da hannu a ɗura harsashi, za ka fara saya, kuma tun ban buɗe baki ba na ji kana ambaton .375, mai babban harsashin nan, saboda ka ga Turawan da ke zuwa farauta dajin Faro a nan Kamaru da rani suna rataye da ita. Kai da ko gada ba ka taɓa kayarwa ba! Wannan ta ɓauna ce. Harbi uku za ta yi maka naushi a kafaɗa, daga nan kullum sai ka runtse ido kafin ka ja kunama, kuma wannan ɗabi'a ba ta barin mutum. Nemi .30-06 ko .308, duk wadda harsashinta ya fi samuwa a nan Garwa. Ta ishi gwanki, ta ishi kanki da mugun dawa. Maganar lasisi ba zan ɓata bakina a kai ba, ba jariri ba ne kai.

Ajiye wayar nan ka saurara.

Ina kamar shekarunka wani Alhaji ya kawo mini Mauser 98, ta Jamus, mai katon farcen nan da ke cafke harsashi tun daga ciki har ya tofar da kwanson. Har gobe ban ga sakatar da ta kai ta ba. Kotar tana sheƙi, ƙarfen baƙi wuluk kamar ranar aka ƙera. Da magariba ya zo, wai yana sauri zai kama hanyar Marwa. Na zare sakata, na ɗaga bututun wajen fitilar ƙwai, na ga ciki yana walƙiya. Bijimaina biyu na sayar washegari, waɗanda nake turke da su don aure.

Ashe mai ya ɗura mata, mai kauri. Da na zura tsumma sau uku sai ga gaskiya: cikin bututun duk ramuka kamar fuskar mai zanzana, layukan da ke murɗa harsashi sun cinye tun daga gindi. An daɗe ana harba tsohon harsashin soja da ita, irin mai barin gishiri, ba a wankewa. Na kafa kwali a taku ɗari, harsashi ya shiga a kaikaice, raminsa dogo kamar na makulli. Sai a lokacin na duba lamba, ta jikin sakata daban, ta jikin bindiga daban. Kwanso na biyar a tsage ya fito, hayaƙi ya bugar mini ido.

Na bi shi har gida. Ya ce, "Ai ka duba da idonka, ciniki ya faɗa." Yana jan carbi yake faɗa mini haka! Auren nan sai da ya ƙara shekara biyu. Mutumin ya rasu tuni, an ce in yafe, ina dai ƙoƙari.

Saboda haka in ka samu ta hannu, da hantsi za ka duba ta, bututu a bushe, tsummanka ka zo da shi daga gida. Haɗa lambobin. Ka ce sai ka harba biyar a kwali, ka tsince kwanson ɗaya bayan ɗaya ka shafa da yatsa. Mai ita ya ce yana sauri, ka yi masa Allah ya kiyaye hanya. In Brno ce ta ƙasar Cek ta faɗo hannunka, riƙe ta, kamar jaki take wajen aiki.

Madubin saiti kuma, da ku yaran yanzu kuke mutuwa a kai, bari sai ka iya saka harsashi uku cikin faɗin tafin hannu da saitin ƙarfe. Miƙo mini zarton can, rana na yi.