Ina son ajiye aiki da wuri, an ce fanshona zai ragu

Tambaya: Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, shekaruna 47. Ina son yin murabus baɗi, sai aka ce mini fanshona zai ragu. Yaya zan yi? Daga wani mai karatu, Zariya.

Amsa: Malam, gaskiya aka faɗa maka. A dokar fansho ta 2014, abin da ya taru a asusunka shi za ka ci: kai kana zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinka, gwamnati kashi 10. Ranar da ka ajiye aiki, zubi ya tsaya. Tunda ba ka kai 50 ba, kashi 25 na abin da ya taru kawai za ka iya cira, shi ma sai ka yi wata huɗu ba ka samu wani aiki ba. Sauran sai ka cika 50.

Kafin ka miƙa takarda, je kamfanin fanshonka ka karɓi bayanin asusu, ka bi shi wata-wata da biro a hannu. Nan ake gano watannin da aka cire kuɗi a albashi amma ba su shiga ba; ka rubuta wa ma'aikatarku, in sun yi shiru ka kai ƙara PenCom, hukumar da ke kula da harkar fansho ta ƙasa. Duba suna da ranar haihuwa su dace da na NIN, don harafi ɗaya kan riƙe biya. In da hali, daure ka kai 50, kana ƙara zubin sa-kai ta albashi.