Hukuncin Tona Asirin Ɗan Kwangilar da Ya Yi Algus a Ginin Makaranta

Tambaya: Malam, ni ne mai kula da sito a wajen wani ɗan kwangila da gwamnati ta ba ginin ajujuwa shida a makarantar firamare. A takarda rodi mai milimita 16 aka rubuta na ginshiƙai, shi kuwa mai 10 ya kawo. Buhun siminti ɗaya ana buga bulo kusan 60 da shi, har da hannu kana iya marmashe shi. Injiniyan ma'aikata kuma ya sa hannu bayan an ba shi na goro. In na kai ƙara, ban zama annamimi ba? Ga shi a hannunsa nake cin abinci.

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, abin da maigidanka ya yi ha'inci ne da cin amana. Allah Ya ce a farkon Suratul Ma'ida mu cika alƙawura, kwangila kuwa alƙawari ce. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Wannan fa hatsi ne. Ina ga rufin da yara za su zauna a ƙarƙashinsa da damina? Zancen "kuɗin gwamnati ba na kowa ba ne" kuwa ɓata ce. Na kowa ne, shi ya sa masu bin haƙƙin ranar ƙiyama suka fi yawa.

Annamimanci shi ne ɗaukar magana don a ɓata tsakanin mutane. Kai ɓarna gaban mai ikon hana ta ba ya cikinsa. Imam Nawawi ya lissafa shi cikin wurare shida da aka halatta ambaton aibin mutum. Tunda akwai tsoron asarar rayuka, wajibi ne a kanka, kuma aya ta 283 a Baƙara ta ce mai ɓoye shaida zuciyarsa mai zunubi ce.

Ka fara yi masa nasiha a keɓe, in ba ka tsoron ya cutar da kai. In ya ƙi, ka tara abin da idonka ya gani: rasit, takardar shigar kaya, hoton rodin kafin a zuba kankare. Ka kai wa hukumomin yaƙi da cin hanci, ICPC ko EFCC, ko hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe ta jiharku. Kada ka watsa shi a Facebook, kada kuma ka ƙara ko kalma ɗaya ta zato. Ɓoye sunanka don tsare kanka da iyalinka ya halatta.

Tsarin da Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta fito da shi a Disamban 2016 yana ba mai fallasa kashi 2.5 zuwa 5 cikin 100 na kuɗin da aka ƙwato. Karɓarsa halal ne, domin ji'ala ce, wato ladan da aka yi alƙawarin ba duk wanda ya yi wani aiki, irin kayan raƙumin da aka yi alƙawari a Suratu Yusuf. Sai dai kada ya zama kuɗin ne ya tashe ka.

Albashinka na aikin da ka yi naka ne. Amma daga yau kada ka rubuta 16 a littafin sito alhali 10 aka sauke, ko da zai kore ka. Wallahu a'alam.