Tambayoyinku: Kafin ka ce injin wane ya fi na wane

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na haɗa Stockfish da Leela Chess Zero, injinan kwamfuta masu buga shaɗaranji, su kara a laftof ɗina, wasa goma. Stockfish ya ci bakwai, uku canjaras. Abokaina sai zuzuta Leela suke, ashe ba ta da wani kataɓus? Daga mai karatu a Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ɗaure wa ɗan dambe hannu, ka kuma fito kana shelar an kayar da shi! Leela da katin hoto mai ƙarfi take aiki, irin na Nvidia, shi kuwa Stockfish furosesa ce abincinsa. A laftof ɗin ofis marar irin wannan kati, kafin Leela ta auna matsayi kaɗan, Stockfish ya duba miliyoyi.

Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, don ko manya sun yi rigima a kansa. A Disamban 2017 kamfanin DeepMind ya sanar cewa injinsa AlphaZero ya kara da Stockfish 8 wasa 100, ya ci 28, sauran 72 canjaras. Masana suka yi ca, domin gigabait 1 kacal aka ba Stockfish na Hash, wato ma'ajiyar matsayin da ya riga ya auna, ga zaren aiki (Threads) 64 na furosesa, aka kuma yanke masa minti ɗaya a kowane taku, alhali an gina shi ne ya raba lokacinsa da kansa, ya daɗe inda wuri ya yi tsauri. Sai a 2018 aka fitar da sakamakon wasa 1000 da agogo na sosai: AlphaZero ya ci 155, ya sha kashi 6.

To ga yadda ake yi. Ka ɗauko Cutechess, manhajar haɗa injina wasa, ni ita nake so kowa ya riƙe. Ka kashe Ponder, domin a na'ura ɗaya injin da ke tunani a lokacin abokin karawarsa satar ƙarfin furosesa yake yi. Idan duka injinan na furosesa ne, ka daidaita musu Threads da Hash, kada kuma jimillar zaren ta wuce abin da na'urarka ke da shi. Ka hana kowa littafinsa na buɗe wasa, ka ba su fayil ɗaya na buɗe wasa, kowane buɗi a buga shi sau biyu, wannan ya riƙe fari, sannan a juya, kamar yadda ake yi a TCEC, gasar injinan shaɗaranji. Dalili kuwa, wani buɗin tun farko ya karkata ga fari, wanda ya dace da shi ya samu garaɓasa. Ka rufe burauza da duk abin da ke saukowa daga intanet.

Sai batun yawa. Wasa goma ba ya nuna komai. Ko wasa 100 ka yi, kuskuren lissafi zai iya kai kusan maki 50 na Elo, ma'aunin ƙarfin ɗan wasa, sama ko ƙasa. Masu gina Stockfish dubun dubatar wasanni suke bugawa a dandalin gwajinsu na Fishtest kafin su amince da gyara guda.

Tambaya: Idan na kunna Stockfish a manhajar DroidFish, wayata sai ta ɗau zafi ta yi sanyin jiki. Daga wata mai karatu a Makka.

Amsa: Hajiya, zafin Makka ga zafin inji, dole waya ta rage gudun kanta don kada ta lalace. Ki cire mata riga, ki zare caja, ki mai da Threads 2, ki zauna inda mukayyif ke aiki.

Tambaya: In sauko da Syzygy, wato fayilolin sakamakon ƙarshen wasa, na lokacin da 'ya'ya bakwai suka rage a allo? Daga mai karatu a Madina.

Amsa: Fiye da terabait 16 ne, a ina za ka zuba? Na shida ma kusan gigabait 150 ne. Ka ɗauki na biyar, bai kai gigabait 1 ba, ka nuna wa injinan da kake haɗawa wurin da ka ajiye shi.