Tambaya da Amsa: Tantanin cikin batirin litiyom da zafin da yake iya ɗauka

Tambaya: Sana'ata haɗa batiran sola da na fitilu a Kubwa, da ƙwayoyin 18650 (ƙananan batiran litiyom masu siffar silinda) da manyan ƙwayoyin LFP (masu litiyom, ƙarfe da fosfet). A takardar wasu ƙwayoyin nakan ga an rubuta cewa an shafe tantaninsu na ciki da seramik, kuma sun fi tsada. Mene ne amfanin shafin? Da gaske ne batir mai shi ba ya kamawa da wuta? Daga wani mai haɗa batir, Kubwa, Abuja.

Amsa: Malam, duk wanda ya ce maka ba ya kamawa da wuta, ciniki yake nema. Yana kamawa. Aikin shafin shi ne jinkirta ɓarna, ya ɗaga matakin zafin da ƙwayar za ta kai kafin cikinta ya haɗu.

Idan ka warware ƙwayar 18650 da ta mutu sarai, za ka tarar da dogayen falle biyu a naɗe kamar tabarma: na tagulla mai baƙin shafi, shi ne negetif, da na alminiyom, shi ne fositif. Tsakaninsu akwai wata farar leda mai santsi. Ita ce tantanin, masu sana'ar na ce mata sefareta. Kaurinta yakan kama daga maikron 9 zuwa 25 (maikron dubu ne milimita ɗaya), alhali gashin kai ɗaya ya kai wajen maikron 70. Cike take da ƙananan huji da ido ba ya gani. Ta nan litiyom ke ratsawa cikin ruwan batir, amma ƙarfen biyu ba sa taɓa juna.

Matsalar ita ce leda ce. Wadda aka yi da foliyetilin tana narkewa wajen digiri 130 zuwa 135 a ma'aunin Salshiyas, ta folifirofilin kuma wajen 160 zuwa 165. Tun kafin ta narke ma ta fara tsukewa, domin a masana'anta ja aka yi aka miƙe ta, da ta ji zafi sai ta nemi komawa yadda take. Ka ga yadda ledar siyayya ke yamutsewa idan ta kusanci murhu? Haka take yi a ciki. Da gefenta ya janye ko da milimita ɗaya ko biyu, fositif ya taɓa negetif, wuta ta bi ta wurin, zafi ya ƙaru, ledar ta ƙara janyewa. Daga nan abin ciyar da kansa yake yi. Idan katod ɗin, wato shafin fallen fositif, irin NMC ne (mai nikel, manganis da kobalt), wajen digiri 200 sai ya fara sakin iskar oksijin, shi ya sa wutarsa ke da wuyar kashewa. LFP ya fi riƙe oksijin ɗinsa, amma ruwan cikinsa shi ma mai ci da wuta ne.

Shafin seramik kamar yaɓe ne a kan wannan ledar: garin alumina ko bomait (dukansu sinadaran alminiyom ne), kaurin maikron 2 zuwa 4, a fuska ɗaya ko duka biyu. Garin ba ya narkewa a irin wannan zafin, alumina sai ya wuce digiri 2,000. Ƙwayoyin garin suna cushe da juna, don haka idan ledar ta so tsukewa sai su tokare. A gwajin tanda na digiri 150, leda tsirara takan tsuke sosai har ta nannaɗe, mai shafi mai kyau kuwa ba ta wuce kashi 5 cikin 100 ba. Kamfanin LG Chem na Koriya ta Kudu na cikin waɗanda suka fara wannan fasaha, wajen 2004.

Sai dai shafin ba ya hana tsini hudawa idan tsinin ya yi yawa. A rikicin wayar Galaxy Note 7 ta 2016, binciken da Samsung ya fitar a Janairun 2017 ya nuna lahani biyu: a wasu batiran kusurwar falle ce ta lanƙwashe, a wasu kuma tsinin walda ne ya huda har cikin tantanin. Wannan darasi naka ne kai tsaye. Kada ka ɗora bakin ƙarfen soda a kan ƙwaya, yi amfani da injin walda mai ɗigo da zirin nikel. Ƙwayar da ta lotsa ko ledar jikinta ta yage a wuya, ware ta. Kada caji ya wuce bolt 4.2 a ƙwayar 18650 ta yau da kullum, ko 3.65 a LFP, kuma a sa BMS, wato allon kariyar batir, mai na'urar jin zafi da zai yanke caji idan an kai digiri 45. A zafin Maris na Abuja, ɗakin janareta mai rufin kwano yakan kai wannan matakin ba tare da batirin ya yi aikin komai ba.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a fannin kimiyyar sinadarai a Jos, kuma aikin bincikena kan ƙara wa wannan shafin juriyar zafi ne. Na shafa alumina a kan tantani, amma a tanda sai ya nannaɗe, garin kuma yana zuba. Ina kuskuren yake? Daga wata ɗaliba, Jos.

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki zargi aluminar. Kusan kullum gam ɗin da ke riƙe garin ne ke fara ba da kai. Gam mai laushi irin akirilik yana da daɗin manni, amma da zafi ya hau sai ya saki, ƙwayoyin garin su zame tare da ledar. Gam irin PVDF ma narkewa yake wajen digiri 170, wanda aka gauraya da sinadarin HFP kuma ƙasa da haka. Abin da ake yi shi ne a haɗa gam biyu: kaɗan na akirilik domin manni, da wani mai tauri kamar CMC ko foliyakirilamaid domin ya tsaya idan zafi ya zo. Jimillar gam ɗin takan tsaya wajen kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na busasshen shafin. Idan ya gaza, gari ya zuba. Idan ya zarce, ya toshe hujin, litiyom ya kasa wucewa da sauri, batirin ya riƙa ɗaukar zafi da kansa. Ki auna wannan da gwajin Gurley, wato daƙiƙa nawa iska mai yawan mililita 100 ke ɗauka kafin ta ratsa tantanin, kafin shafi da bayansa. Idan adadin ya yi tsalle sosai, gam ya yi yawa.

Girman garin ma da ruwansa a ciki. Wanda bai kai maikron ɗaya ba ya fi cushewa, ya fi hana tsukewa. Amma ya fi shan danshi, kuma danshi abokin gaba ne: idan ruwa ya haɗu da gishirin LiPF6 da ke cikin ruwan batir, asid ɗin HF ake samu, mai cin katod. Ki busar da samfurinki sosai, musamman da damina, ki adana shi a rufe. Ki kuma niƙa kwaɓin har dunƙule ya baje, ki tace, domin dunƙule ɗaya ya isa ya huda ledar idan aka matse naɗin.

Zubar garin tana iya zama daga fuskar ledar. Foliyetilin ba ya son ruwa, kwaɓin ruwa yakan taru a kansa ɗigo-ɗigo kamar raɓa a ganyen gwaza. Ana gyara wannan da ɗan sinadarin jiƙawa a kwaɓin, ko a bi fuskar ledar da tartsatsin lantarki da ake kira korona kafin shafi. Wajen busarwa ki tsaya tsakanin digiri 50 da 70, kada ki tsuke ledar da hannunki tun ba a kai ga gwaji ba. Nannaɗewa kuwa, idan fuska ɗaya kika shafa, dole ta lanƙwashe, tunda gefe ɗaya na ja ɗaya na tokarewa. Shafa maikron 2 a kowace fuska ya fi maikron 4 a fuska ɗaya.

Wajen aunawa, ki yanka murabba'i na santimita 10, ki yi alamar tsawo da faɗi daban, domin tsukewar ba lalle ta zo daidai ba. Ki sa tsakanin takardu biyu, minti 30 zuwa awa ɗaya a digiri 130, wani samfurin a 150, wani a 180. Idan kina son wuce nan, sai aramid, wani nau'in roba mai tauri, wanda ba ya narkewa sai dai ya lalace wajen digiri 400. Kamfanonin Teijin da Sumitomo Chemical na Japan suna shafa shi, amma yana da tsada kuma sinadaran narkar da shi na buƙatar ɗakin gwaji mai zuƙe iska.

Tambaya: Alumina da bomait, wanne ya fi? Daga wani makaranci, Bukuru.

Amsa: A juriyar zafin da tantani ke buƙata, kusan kunnen doki ne. Alumina ya fi tauri nesa ba kusa ba, mataki na 9 a ma'aunin Mohs, shi ya sa yake cinye wuƙaƙen yanka da rolar shafi a masana'anta. Bomait yana wajen 3 zuwa 3.5, ya fi sauƙin nauyi, kuma bai cika lalata injin ba. Masana'antu da yawa a Sin sun karkata gare shi saboda wannan.